Tseren bin sawu a wasan bayatlon: wanda aka saki a gaba ya riga ya ci ke nan?

*Tambaya: "Malam, barka da aiki. Kwanan nan na fara kallon wasan nan na Turai da ake gudu a kan dusar ƙanƙara da bindiga a goye, a tsaya a yi harbi, a ci gaba. Akwai wani tsere a ciki da ba a tashi tare, sai a saki mutum ɗaya ya yi nisa, sannan a riƙa sakin saura ɗaya bayan ɗaya. Na koma na kalli na maza na kakar 2022 zuwa 2023, na ga kusan kullum ɗan Norway ɗin nan Johannes Bø ne ake fara saki, kuma shi ne ke ci. To ina adalci a nan? Ba an biya mutum lada biyu a kan aiki ɗaya ba ke nan? Me zai sa in zauna kallon abin da na riga na san ƙarshensa?"*

Barka kadai, Malam. Tambayarka ta kasu biyu, ko da yake a dunƙule ka kawo ta. Kana tambayar ko tsarin tseren ne da kansa yake da son kai, kana kuma tambayar abin da ya sa mutum ɗaya ya ci karensa babu babbaka a waccan kakar. Zan raba su, domin in aka cakuɗa sai a ɗora wa tsari laifin da ba nasa ba. Ni dai a ganina zarginka yana da ƙamshin gaskiya, amma ka yi rashin sa'a ka fara da kakar da ta fi kowacce goyon bayan zargin.

Yadda tseren yake

Wasan sunansa bayatlon, ana zamiya ne a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafa, hukumar da ke kula da shi a duniya ita ce IBU, hedikwatarta a Ostiriya. Gasar cin kofin duniya tana farawa ƙarshen Nuwamba, ta ƙare a Maris, ana yawo da ita gari-gari. A yawancin garuruwan ana fara yin gajeren tsere, kilomita 10 ga maza, harbi sau biyu. A wannan kowa shi kaɗai yake tashi, agogo ne abokin karawarsa. Mutum 60 na farko su ne ke samun shiga tseren bin sawu, wanda ka gani, ana yinsa washegari ko bayan kwana biyu. Tazarar da aka ba ka a gajeren tsere ita za ka tashi da ita. In wanda ya ci ya ba ka daƙiƙa 18, sai ka tsaya a bakin layi kana kallon bayansa har daƙiƙa 18 su cika. Daga nan wanda ya fara isa ƙarshe shi ya ci, babu wani lissafi.

Nisan kilomita 12.5 ne, zagaye biyar, ana tsayawa harbi sau huɗu: biyu na farko a kwance rub da ciki, biyu na ƙarshe a tsaye. Kowane zama harsashi biyar, ido biyar (wato baƙaƙen da'irorin da ake hari), daga nisan mita 50. Idon da ake hari a kwance faɗinsa milimita 45 ne, a tsaye milimita 115, wato bai kai faifan CD ba. Bindigar ƙarama ce mai harsashin .22, nauyinta ba ya gaza kilo 3.5, kuma a goye take tun daga tashi har ƙarshe. Duk idon da ka kuskure, za ka shiga wani ɗan zagaye na mita 150 da ke gefen filin harbi, zagayen tara, wanda ke cinye wa gwani daƙiƙa 22 zuwa 25.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne mabuɗin amsar. Ka riƙe shi. Duk tazarar da ka gani a wurin tashi, ka raba ta da 23, za ka san kuskure nawa na gaba yake da ikon yi kafin a kamo shi. Wanda aka saki da ratar daƙiƙa 10 ba shi da ko kuskure ɗaya a aljihu. Mai ratar daƙiƙa 45 yana da biyu. Harsasai kuwa 20 ne a gabansa, kuma goman ƙarshe a tsaye zai harba su, ƙafa na rawa, numfashi na fita sama-sama.

Abin da ya faru a kakar 2022–23

An yi tseren bin sawu bakwai a kofin duniya na maza a waccan kakar: Kontiolahti a Finland, Hochfilzen a Ostiriya, Le Grand-Bornand a Faransa, Pokljuka a Sulobeniya, Antholz a Italiya, Nové Město a Jamhuriyar Cek, sai Oslo. Johannes Thingnes Bø ya ci shida. Na Faransa ne kaɗai ya kuɓuce masa, inda ɗan ƙasarsu Sturla Holm Lægreid ya ci, Vetle Sjåstad Christiansen ya yi na biyu, shi Bø ya ƙare na uku, a ranar da hanya ta daskare ta yi santsi ƙwarai. A kakar ne aka sauya tsarin maki, aka koma ba na ɗaya 90, na biyu 75, na uku 60, saboda haka in ka lissafa, maki 600 ya tara a cikin 630 da za a iya samu. Gasar zakarun duniya da aka yi a Oberhof ta Jamus a watan Fabrairun 2023 ba ta shiga lissafin makin ba, amma can ma shi ya ɗauki zinaren bin sawu.

To ga inda idonka bai yaudare ka ba: duk gajeren tseren da aka yi a kakar, bakwai na kofin duniya da na Oberhof, shi ya cinye su. Kowane lokaci lamba ɗaya, ta wanda ake fara saki, ita ce a ƙirjinsa a bin sawu, kuma sau da yawa ratar takan kai rabin minti ko ta wuce. Ka ga ke nan tun kafin ya harba harsashin farko yana da kuskure ɗaya ko biyu a ajiye.

Sai dai ka duba tseren Oberhof da kyau, domin shi ne ya fi bayyana gaskiyar lamarin. Lægreid ya tashi da tazarar wajen daƙiƙa 40 a bayansa. Ya harbi ido ashirin bai kuskure ko ɗaya ba, abin da duk mai bin sawu ke roƙo. Amma da ya iso ƙarshe, tazarar ta haura minti ɗaya. Bø ma bai kuskure ba, kuma a kan hanya ya ƙara masa kusan rabin minti. Da a ce a layi ɗaya aka sake su, da sakamakon bai canza ba. Hujja ta biyu ita ce sauran tsere-tseren da babu ratar tashi a cikinsu: ya ci tseren tashi tare a Ruhpolding da na Oslo, ya ci dogon tseren kilomita 20 a Ruhpolding da Oberhof. Jimilla nasara 19 a kaka ɗaya in aka haɗa da na Oberhof, abin da ba a taɓa yi ba a wasan. Mutumin ya fi kowa gudu ne kawai, da ratar da ba a saba gani ba, harbinsa kuma ya zauna a shekarar.

Akwai kuma abin da ya shafi abokan karawa. Martin Fourcade na Faransa, wanda ya riƙe kofin duniya shekara bakwai a jere, ya yi ritaya tun Maris na 2020. (Tserensa na ƙarshe ma bin sawu ne, a Kontiolahti, ya kuma ci shi, amma Bø ya ɗauke babban kofin kakar da ratar maki biyu kacal.) Quentin Fillon Maillet, wanda ya mamaye kakar da ta gabata, ya dawo a gajiye, bai ci tsere ko ɗaya na kashin kansa ba a kakar nan. 'Yan Rasha da Belarus an dakatar da su bayan mamayar Yukiren. Wanda ya rage mai iya matsa masa lamba shi ne Lægreid, wanda hannunsa a bindiga ya fi na kowa natsuwa, amma ƙafarsa ba ta kai ta Bø ba. Su biyun kuma masu horarwa ɗaya ne ke kula da su a lokacin, ciki har da Siegfried Mazet, Bafaranshen da ya daɗe yana koya wa Fourcade harbi kafin Norway ta ɗauke shi a 2016.

Shekarun da na gaba ya sha kashi

Da ka fara da wata kakar, da wata tambaya za ka aiko mini. Shekara ɗaya kafin wannan, a gasar Olamfik ta Beijing a 2022, Bø ɗin nan ne ya ci gajeren tsere, ya tashi a gaba a bin sawu. Iska na kaɗawa, sanyi ya yi tsanani. Ya kuskure ido bakwai, ya ƙare na biyar. Fillon Maillet ya harbi ashirin cif ya ɗauki zinare. A gasar zakarun duniya ta 2019 a Östersund ta Suwidin, Bø ya iso harbin ƙarshe shi kaɗai a gaba, kowa ya ɗauka bakin alƙalami ya bushe, sai ya zubar da uku cikin biyar. Dmytro Pidruchnyi na Yukiren, wanda ya tashi a na huɗu, ya wuce shi. A 2020 a Antholz, ko da yake a ranar ba Bø ne ya tashi a gaba ba, Émilien Jacquelin na Faransa ya manne masa har zagayen ƙarshe, ya doke shi a 'yan mitocin da suka rage. A Olamfik ta 2018 Fourcade ya tashi a na takwas ya ci, Sebastian Samuelsson na Suwidin ya taso daga na goma sha huɗu ya yi na biyu, wanda ya ci gajeren tseren kuwa, Arnd Peiffer na Jamus, ya koma na takwas. Ka lura uku daga cikin misalan nan a kan Bø ɗin suka faɗa. Tsari ɗaya ne, mutum ɗaya ne.

Dalilin da ya sa na gaba ba ya zama lafiya yana da yawa, amma wanda na fi sani da idona shi ne na filin harbi. Ina taimakawa a wata ƙaramar ƙungiyar matasa a nan arewacin Turai inda nake zaune, aikina in tsaya bayan tabarau mai ƙafa uku ina duba inda harsashi ya faɗa a takarda, in faɗa wa yaro ya juya saitinsa hagu ko dama. Yaron da zai harbi biyar cikin biyar in shi kaɗai ne a fili, ka sa masa abokinsa a tabarmar harbi ta gefe, sai ka ga wani mutum dabam. Abin harin ƙarfe ne, in harsashi ya same shi sai ya yi ƙara ƙwas, wani farin marfi ya tashi ya rufe baƙin idon. Kana kwance kana jin ƙwas, ƙwas, ƙwas na maƙwabcinka, kai ba ka saki na biyu ba. Yatsa sai ya so ya bi wancan sautin maimakon ya bi numfashin mai shi. Na ga yaro ya saki harsashi tun bakin bindiga bai gama zama ba, don kawai ya ji na gefe ya tashi yana saɓa bindiga. Manya ma haka ne, sai dai su a gaban dubban mutane ne, kowane ido ya rufe sai filin ya ɗauki ihu, in aka kuskure kuma ka ji wani dogon nishi ya taso daga 'yan kallo. Mai harbi yana jin duka.

A tseren bin sawu, a kowane harbi, yadda aka iso haka ake jeruwa: wanda ya fara isowa tabarma ta ɗaya, na biyu ta biyu. Saboda haka masu takarar gaba kafaɗa da kafaɗa suke harbi. Na gaba shi ke fara gwada iska, ba shi da wanda zai kalla. Akwai 'yan tutoci ƙanana masu nuna iska a tsakanin mai harbi da abin hari, dole ya karance su a cikin daƙiƙa biyu ko uku ya yanke shawara ko zai taɓa saiti. In ya kuskure, yana cikin zagayen tara yana ganin na baya suna fita tsaf. Su kuma masu bin sawu sukan haɗu su uku, su biyar, suna fakewa da bayan juna daga iska, suna karɓa-karɓar jan gaba, shi yana tafiya shi kaɗai. Ratar daƙiƙa 15 takan narke a haka kafin a kai harbi na biyu.

Abin da Bø ya yi a 2022–23 shi ne ya fitar da kansa daga wannan matsi gaba ɗaya. Yakan saki gudu tun zagayen farko, ya mai da rabin minti ya zama daƙiƙa 45, har ya zamana ya gama harbinsa ya bar fili kafin na biyu ya shimfiɗa ƙirji a tabarma. Ba ya jin ƙwas ɗin kowa. In ya kuskure ɗaya a tsaye, ya zaga ya fito, har yanzu ba a hango shi ba. A nan ne ratar tashi ta yi masa amfani fiye da adadin daƙiƙunta, kuma a nan ne nake ba ka gaskiya.

Maganar lada biyu

E, akwai lada biyu. Wanda ya ci gajeren tsere ya karɓi maki 90 da kuɗin nasara, sannan aka ba shi jari a tsere na gaba. Mafi ciwo ma shi ne abin da ke faruwa a ƙasa. Wanda ya yi rana mara kyau ya ƙare na 61, ya rasa tsere biyu ke nan a kan rana ɗaya. Wanda ya ƙare na 55 zai tashi da tazarar minti biyu ko fiye, in ya harbi ashirin cif ya yi gudun ransa, wataƙila ya kai na 20. Akwai ranakun da in ka cire tazarar tashi ka duba lokacin da kowa ya yi a ranar kaɗai, za ka tarar wanda ya fi kowa ya ƙare na tara ko na sha biyu, babu wanda ya ɗauki hotonsa. Masu bin wasan sosai suna duba wannan lissafi bayan kowane tsere, ni ma da shi nake gane wanda ƙarfinsa ke tasowa kafin sakamako ya nuna.

Ana iya gyarawa? Hanyoyin da mutane kan kawo ba su wuce uku ba. Wasu su ce a rage tazarar, a raba ta biyu, ko a sa daƙiƙa biyar-biyar tsakanin kowa da kowa. Wannan zai ƙara cunkoso a gaba, amma zai kashe gajeren tsere: me zai sa mutum ya fasa huhunsa a kilomita na ƙarshe in ratar da ya samu za a yanke ta? Yanzu kowace daƙiƙa ta ranar farko tana da daraja har ga wanda ya san ba zai ci ba, na sha biyar yana fafutukar rage tazararsa saboda gobe. Wasu su ce a ba da maki bisa lokacin ranar kaɗai. Wannan ya fi muni a wurina, domin zai mai da mu inda aka baro, inda mutum zai tsallake layi a gaba amma a ce a jira kwamfuta ta faɗi wanda ya ci. Dalilin ƙirƙiro tseren ke nan tun farko. Kafin a shigo da shi a tsakiyar shekarun 1990, tseren mutum ɗaya a bayatlon duk na agogo ne, ɗan kallo bai san wa ke gaba ba sai an gama. An sa shi a gasar zakarun duniya a 1997, a Olamfik kuma a 2002 a Salt Lake City ta Amurka, inda Ole Einar Bjørndalen ya ci, kuma tseren yana cikin abubuwan da suka sa wasan ya samu kasuwa a talabijin a Jamus da Norway da Faransa. Hanya ta uku ita ce a rage yawan bin sawu a ƙara tseren tashi tare, wanda mutum 30 ke tashi lokaci ɗaya. Ita ce kaɗai nake iya saurara, amma ita ma tana rufe ƙofa ga mutum 30 da bin sawu ke ba dama.

Ni dai a bar shi yadda yake. Ka ɗauki gajeren tsere da bin sawu a matsayin tsere ɗaya mai kilomita 22.5 da harsashi 30 wanda aka raba kwana biyu, sai ka ga ratar tashi ba kyauta ba ce, guminsa ne na jiya. Abin da kawai zan so a sake dubawa shi ne nauyin maki, tunda sabon tsarin ya faɗaɗa ratar da ke tsakanin na ɗaya da saura, wanda ya ninka ribar mai cin ranar farko. Wannan ra'ayina ne na mai koyar da yara a ƙaramin fili, ban taɓa horar da ɗan wasan kofin duniya ba, kuma akwai ɓangare guda da ba a gani daga waje: motocin da ake gyaran allunan zamiya a cikinsu. Irin kakin da aka goga da irin zanen da aka yi wa ƙasan allo suna iya ba mutum daƙiƙu masu yawa ko su ƙwace masa, kowace ƙasa kuma ɓoye nata take yi. Ranar Le Grand-Bornand da 'yan Norway uku suka kwashe na ɗaya zuwa na uku, ba ƙafa da bindiga kaɗai suka yi aiki ba.

Game da ko ya cancanci kallo, in ka koma kan waccan kakar, ka daina bin Bø da ido, ka dawo kan masu neman na biyu da na uku, can ne ake kokawar. A Oberhof Samuelsson daga baya ya taso ya ƙwaci tagulla. Ka fi mai da hankali a harbi na uku, na farko a tsaye, domin a nan jerin yake wargajewa, mutum ya shigo na huɗu ya fita na sha biyar. Ka kuma kalli ƙafafun mai harbi maimakon fuskarsa: in ya wuce daƙiƙa 30 a tabarma bai gama ba, cinyoyi sun fara karkarwa, harsashin ƙarshe da wuya ya shiga. In kuma sabbin kakanni za ka bi, Bø da yayansa Tarjei sun ajiye bindiga tare a Oslo a Maris na 2025, a kakar da Lægreid ya karɓi babban kofin, saboda haka lamba ɗaya yanzu tana yawo daga ƙirji zuwa ƙirji.